Jami'a Mai Zaman Kanta: Tambayoyi da Amsoshi Kafin a Biya Kuɗi

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, sai tallan jami'o'i masu zaman kansu ya cika rediyo da Facebook da allunan bakin titi. A lokacin ne iyaye da yawa suke fara tunanin sayar da fili ko taɓa jarin kasuwa, don kada yaro ya sake zaman gida na shekara guda. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan shawara. Amsoshin sun shafi tsarin Najeriya ne, sai inda aka ambaci wata ƙasa.

Ga jami'o'in gwamnati, me zai sa mu kai yaro ta kuɗi?

Dalili biyu ne suka fi tura mutane, kuma dukansu na gaskiya ne. Na farko yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, na 2020 kuwa ya ci kusan wata tara. Malaman jami'o'i masu zaman kansu ba sa cikin wannan yajin, shi ya sa kwas na shekara huɗu yakan ƙare a shekara huɗu. Na biyu ƙarancin gurbi. Masu neman likitanci da lauya da aikin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo sun ninka guraben da ake da su sau da yawa, yaro mai maki mai kyau ma sai ya rasa.

Sai dai waɗannan dalilai ba su nuna kowace jami'ar kuɗi ta fi ta gwamnati ba. A 1999 aka ba ukun farko lasisi: Igbinedion da Babcock da Madonna. Yau sun haura 140. A cikinsu akwai waɗanda suka daɗe suna yaye ɗalibai, irin su Jami'ar Amurka da ke Yola da Al-Qalam ta Katsina, akwai kuma waɗanda har yanzu ba su yaye ko mutum ɗaya ba. Ba za a auna su da mudu ɗaya ba.

Ta yaya za mu tabbatar jami'ar halattacciya ce?

A nan aka fi yin kuskure, domin yawancin iyaye tambaya ɗaya suke yi alhali uku ce.

Ta farko: jami'ar tana da lasisin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC? Hukumar tana da jerin jami'o'in da ta amince da su a shafinta na intanet, kuma lokaci-lokaci takan fitar da sunayen na bogi. A duba sunan harafi da harafi, saboda masu damfara sukan ɗauki suna mai kama da na sananniyar makaranta. A duba garin ma. Lasisi na harabar da aka amince da ita ne. Idan jami'ar tana Kudu amma an ce muku tana da reshe a wani bene a Kano ko Kaduna inda ake karatun Asabar da Lahadi, ku yi hattara, NUC ta daɗe da haramta irin waɗannan rassa.

Ta biyu: an amince wa jami'ar ta koyar da wannan kwas ɗin da yaronku zai yi? Lasisin jami'a bai ba ta damar buɗe duk kwas ɗin da ta ga dama ba. Kafin ta fara kowane sabon kwas, sai NUC ta turo masana sun ga malamai da azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, sannan ta ba da izini a rubuce. Jami'a tana iya zama halattacciya amma kwas ɗaya a cikinta ya zama ba shi da izini.

Ta uku: kwas ɗin ya tsallake tantancewa? Bayan an fara koyarwa da 'yan shekaru, NUC takan dawo ta auna shi. Sakamakon iri uku ne. Cikakkiyar amincewa, wadda ke aiki shekara biyar. Amincewar wucin gadi, ta shekara biyu, wadda ke nufin akwai gyaran da dole a yi. Sai kuma hanawa, wadda ke tilasta wa jami'ar ta daina ɗaukar sababbin ɗalibai a wannan kwas. Ku tambayi magatakardan jami'ar ko shugaban sashe matsayin kwas ɗin da shekarar da aka yi tantancewar ƙarshe, kuma ku nemi ganin wasiƙar NUC da idonku. Wanda yake da ita ba ya jin nauyin nuna ta. Lamarin kamar cinikin fili ne, ba a miƙa kuɗi sai an ga takarda.

'Yata likita take son zama, ƙanenta kuma lauya. Amincewar NUC ta wadatar?

Ba ta wadatar ba. Kwasa-kwasan da ake buƙatar lasisin aiki bayan an gama suna da hukuma ta biyu a kansu. Likitanci da haƙori suna ƙarƙashin majalisar likitoci ta MDCN, aikin jinya da ungozoma suna da majalisarsu, harhaɗa magunguna PCN, gwaje-gwajen asibiti MLSCN, injiniya COREN, lauya kuma Majalisar Ilimin Shari'a, wadda ke tafiyar da Makarantar Horar da Lauyoyi.

A likitanci da lauya da jinya, hukumar takan ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Matsalar tana tasowa ne idan aka ba jami'a gurbi 50 ta ɗauki 150, saboda kowane ɗalibi kuɗi ne. Ba a ganin illar a shekarar farko. Sai an gama, majalisar ta ce 50 ta sani. Ragowar su shiga layi, suna jiran shekara ɗaya ko biyu ko fiye kafin a tura su Makarantar Lauyoyi ko a rantsar da su, ga digiri a hannu amma ba damar aiki da shi. Majalisar Ilimin Shari'a ta taɓa dakatar da jami'o'i daga ɗaukar ɗaliban lauya na tsawon shekaru saboda wannan laifi.

Don haka tambayar ita ce: gurbi nawa majalisar ta ba ku, kuma mutum nawa ne a ajin da 'yata za ta shiga? Amsar farko a ofis za a same ta, ta biyu kuwa ɗaliban ajin suka fi kowa saninta.

A likitanci akwai ƙarin abu. MDCN tana tantance matakin farko na karatu daban, matakin asibiti daban. Jami'a tana iya samun na farko ba ta samu na biyu ba, sai ɗalibai su kai aji huɗu su tsaya cak. Ku tambayi asibitin da za a yi horo: na jami'ar ne, ko na gwamnatin jiha da aka yi yarjejeniya da shi? Ku je ku gan shi ranar aiki da safe. Asibiti mai sheƙi wanda gadajensa babu kowa ba ya koyar da likita, domin da ganin marasa lafiya ake koyo.

An ce mana ba sai da JAMB ba, mu dai kawo kuɗi. Gaskiya ne?

A'a. Kuma duk jami'ar da ta faɗi haka ta ba ku dalilin barin ta. Tun 2017 duk wani gurbin digiri na farko, a jami'ar gwamnati ko ta kuɗi, sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Jami'a ta gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibin ya shiga shafinsa ya danna ya karɓa, sannan ya buga takardar gurbi ta JAMB. Takardar da jami'a ta buga da tambarinta ba ta maye gurbin wannan.

Illar tsallake wannan mataki ba ta bayyana sai a ƙarshe. Hukumar hidimar ƙasa ba ta tura wanda sunansa ba ya cikin kundin JAMB. Yaro ya yi shekara huɗu, an biya miliyoyi, sai a ce masa babu shi a rajista. JAMB ta yi afuwa ga waɗanda aka ɗauka ta bayan fage tsakanin 2017 da 2020, daga baya ta sanar cewa ta rufe wannan ƙofa. Kada a dogara da cewa za a gyara daga baya.

Idan yaro bai zaɓi jami'ar ba lokacin da ya cike fom, sai ya je cibiyar JAMB da aka amince da ita ya canja zaɓinsa zuwa gare ta. A kuma tabbatar kwas ɗin da ke takardar JAMB shi ne wanda yake zama a ajinsa. Wanda JAMB ta sani a ilimin halittu amma yana karatun jinya, rikici yana jiransa.

Mene ne ainihin sharuɗɗan shiga?

Kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS, ciki har da Turanci da darussan da kwas ɗin ke buƙata, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Wasu jami'o'in zama ɗaya kaɗai suke karɓa a likitanci. Sai yaro ya cika shekara 16. Sai makin JAMB, wanda ake lissafawa a kan 400. A 2024 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne, a 2025 aka mayar da shi 150, kuma kowace jami'a tana iya ɗaga nata sama da haka.

Wanda makinsa bai kai ba yana iya yin karatun share fage na IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko JUPEB, na kusan shekara guda, ya shiga aji biyu kai tsaye. Nan ma sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB. Ku bambance waɗannan da shirin share fage na cikin gida da wasu jami'o'i ke yi, wanda ba ya ɗauke wa yaro rubuta JAMB.

Wata magana da iyaye ba sa son ji: sauƙin shiga ba alheri ba ne a kowane lokaci. Yaron da ya sha wuya a kimiyyar sinadarai a sakandare, idan aka tura shi likitanci don kawai akwai kuɗin biya, yawanci a babbar jarrabawar likitanci ta farko yake tsayawa, bayan an kashe kuɗin shekara uku.

Nawa ne kuɗin, gaba ɗaya?

Adadin da ke jikin talla kusan kullum kuɗin karatu ne kaɗai, na shekarar farko. Ku nemi cikakken jadawalin kuɗi daga ofishin ma'aji, a rubuce, na kwas ɗin, daga aji ɗaya har na ƙarshe. Ku zauna da biro ku duba ko waɗannan suna ciki ko daban ake biya: kuɗin karɓar gurbi, wanda galibi ba a mayarwa, ɗakin kwana, wanda farashinsa ke bambanta tsakanin ɗakin mutum biyu da na huɗu da na shida, abinci, asibiti, intanet, wanki, kuɗin ajiya na ɓarna, kayan ɗakin gwaji. A ƙara da kwamfuta da littattafai da kuɗin mota sau huɗu ko fiye a shekara.

Akwai kuma waɗanda ba sa fitowa sai an yi nisa. Kuɗin sake darasin da aka faɗi, wanda wasu jami'o'i ke karɓa a kan kowane darasi a karatun dogon hutu. Kuɗin fita horon asibiti. Kuɗin rajista da jarrabawar majalisar ƙwararru. Kuɗin binciken kammalawa da na bikin yaye da na karɓar shaida. A likitanci kuɗi yakan yi tsalle daga aji ɗaya zuwa aji biyu, ya sake tsalle idan an shiga asibiti. Mai karatun lauya kuma yana da shekara guda a Makarantar Lauyoyi bayan biyar ɗin jami'a, da kuɗinta daban.

Sai babban abin, ƙarin kuɗi. Jami'a mai zaman kanta ba ta samun tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da kuɗin ɗalibai take biyan albashi da sayen man janareta. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, da wuya a sami wadda ba ta ƙara kuɗi ba. Ga misalin lissafi, ba farashin wata makaranta ba: a ce shekarar farko naira miliyan 2 ce, ana ƙara kashi 20 cikin 100 duk shekara. Ta biyu za ta zama miliyan 2.4, ta uku miliyan 2.88, ta huɗu miliyan 3.456. Jimla naira 10,736,000, ba miliyan 8 da uba ya lissafa a ransa ba. Idan kwas ɗin na shekara biyar ne kamar injiniya ko jinya, ko shida kamar likitanci, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Ku tambayi abin da 'yan aji ɗaya suka biya a shekaru uku da suka wuce, daga nan za ku ga saurin hawan. Ku tambaya ko ƙarin yana shafar tsofaffin ɗalibai ko sababbi kaɗai. Ku tambaya ko ana biya kashi-kashi, da abin da ke faruwa da wanda bai cika ba ranar jarrabawa, domin a wurare da yawa hana shi shiga ake yi. Kowane kobo a asusun da ke ɗauke da sunan jami'ar za a saka shi, ba na wani ma'aikaci ko dillali ba, a kuma adana rasit har ranar da shaida ta zo hannu.

Akwai bashin karatu ko tallafi?

Asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda aka kafa da dokar 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Jami'o'in kuɗi da kansu sukan yi rangwame ga mai maki mai yawa, ko ga 'yan gida ɗaya, ko ga 'yan garin da jami'ar take. Wasu gwamnatocin jihohi ma sun taɓa ɗaukar nauyin ɗalibai a irin waɗannan jami'o'i.

A karanta sharaɗin da kyau. Rangwamen na shekarar farko ne ko har a gama? Ya haɗa da ɗaki da abinci? Wane maki ne idan yaro ya sauka ƙasa da shi za a janye? Idan kuma gwamnati ce ke biya, a tambayi abin da jami'ar ke yi idan kuɗin ya makara ko gwamnati ta canja, don an sha riƙe sakamakon ɗalibai saboda bashin da ba su suka ci ba.

Idan ƙarfinmu ya ƙare a tsakiya, zai iya komawa ta gwamnati?

Yana yiwuwa, amma ba abin dogaro ba ne. Sai jami'ar da zai koma tana da gurbi, makinsa ya kai abin da take so, sannan wadda zai bari ta saki takardar sakamakonsa, abin da ba za ta yi ba matuƙar ana binsa bashi. Sau da yawa akan mayar da ɗalibi baya da shekara guda. A likitanci da lauya ya fi wuya saboda ƙayyadadden adadi. Shawararmu ita ce, wanda ba ya ganin hanyar biyan shekarar ƙarshe tun yanzu, gara ya nemi mai sauƙin kuɗi ko ya jira ta gwamnati.

Ta fuskar tsaro, me za mu duba?

A daren 20 ga Afrilun 2021 'yan bindiga suka shiga Jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, a ƙaramar hukumar Chikun, suka kashe ma'aikaci suka tafi da ɗalibai. Biyar daga cikinsu a hannun maharan aka kashe su, sauran sai ƙarshen watan Mayu suka dawo. A Satumbar 2023 kuma aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya na Sabon Gida, a wajen makaranta. Abin bai bar ta kuɗi ba, bai bar ta gwamnati ba, kuma a duka biyun inda ɗalibai ke kwana aka nufa.

Jami'a tana buƙatar fili mai faɗi, shi ya sa da yawa suke bayan gari inda ƙasa ke da araha. Gani ya kori ji: ku je da kanku, kuma ku kai har bayan magariba, don makaranta da rana daban take da dare. Ku zagaya bayan ɗakunan kwana, ba ƙofar shiga kaɗai ba. Katangar ta kewaye ko'ina, ko a gaba aka gina ta aka bar baya da waya? Me ke bayanta, unguwa ko daji? Fitilu suna ci idan an ɗauke wuta? Masu gadi nawa ne da dare, kuma akwai 'yan sanda ko sojoji ko sibil difens da ke kwana a wurin? Minti nawa ne zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa? Ku ciro wayarku a cikin ɗakin kwana ku ga ko akwai sabis. Ku tsaya wurin mai shayi ko 'yan acaɓa na bakin ƙofa ku tambaye su labarin hanyar, za su gaya muku abin da ofis ba zai faɗa ba.

Hanyar zuwa ma tana cikin lissafi. Yaron da zai riƙa ratsa hanya mai hatsari a farko da ƙarshen kowane zango yana cikin haɗari ko da makarantar tana tsakiyar birni. Idan kuma jami'ar ba ta da ɗakunan da za su ɗauki kowa, to gidan hayar da zai zauna shi ne abin bincike.

Gobara ita ce aka fi mantawa da ita. Tagogin ɗakunan kwana duk da ƙarfe a jiki, wani wurin kuma akan kulle ƙofa daga waje da dare da sunan tsaro. Ku ƙirga matakalar bene, ya kamata a sami biyu. Ku duba tukunyar kashe gobara da ranar da aka rubuta a jikinta. Ku tambayi wanda makulli ke kwana a hannunsa.

'Ya mace ce za mu kai. Akwai ƙarin abin tambaya?

Akwai, kuma yawancinsa ya shafi namiji ma. Wace ce ke kwana da ɗalibai mata a ɗakunansu? Yaya tsarin fita yake: ana ba da takardar izini, ana kiran iyaye kafin a bari? Idan malami ya matsa wa ɗaliba, ina za ta kai ƙara, kuma wanda zai saurara yana ƙarƙashin wanda ake ƙara ne? Jami'ar kirki tana da wannan a rubuce a littafin dokokin ɗalibai, tare da hanyar neman a sake duba takardar jarrabawa. Ku karɓi littafin ku karanta shi kafin ku sa hannu, domin a cikinsa ne laifukan kora suke, kuma wanda aka kora ba a mayar masa da kuɗi.

Ku leƙa asibitin makaranta. Likita yana kwana ko ma'aikaciyar jinya kaɗai? Motar asibiti tana tashi, akwai direba da dare? Wane babban asibiti ake turawa? Mai sikila ko asma, a sanar da su tun ranar rajista. Ku buɗe famfo a banɗaki, ku ƙirga gadaje a ɗaki ku kwatanta da tagogi, saboda sanƙarau a lokacin zafi cunkoso yake bi.

Batun addini a fito da shi fili. Jami'o'i da dama na coci ne ko na ƙungiyoyin Musulunci, kuma wasu suna wajabta halartar ibada da irin tufafin da za a sa. A tambayi wurin salla, da hijabi, da ko ana sa lakca lokacin Juma'a, da ko ɗakin abinci yana buɗewa da sahur. Maganar ƙwaya kuwa, kada tsadar makaranta ta sa a saki jiki. Inda yara ke da kuɗi a aljihu nan masu sayarwa suke nufa.

Ta yaya za mu gane akwai malamai na gaske?

Gini ba ya koyarwa. Yawancin sababbin jami'o'i da malaman aro daga jami'o'in gwamnati na kusa suke farawa. Wannan ba laifi ba ne idan akwai na dindindin da ke riƙe da sashen. Yana zama matsala idan farfesan da sunansa ke jikin takarda sau biyu yake zuwa a zango, ya haɗa karatun mako takwas a Asabar biyu. Ma'aunin NUC shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 10 a likitanci.

Ku nemi sunayen malaman sashen, ku tambayi nawa ne na dindindin, nawa ke da digiri na uku. Ku sami 'yan aji uku, ba waɗanda ofis ya zaɓo muku ba, ku tambaye su malami nawa suka canja a darasi ɗaya, da ko ana biyan malamai albashi a kan lokaci, don ɗalibai sukan sani. A ɗakin gwaje-gwaje ku duba ko na'urorin suna cikin ledarsu har yanzu, ku nemi littafin da ɗalibai ke sa hannu idan sun yi aiki. Idan shafukansa farare ne, an sayi kayan ne don masu tantancewa.

Bayan an gama, ana samun aiki? Mun ji ana raina sakamakon jami'ar kuɗi.

A doka digirin jami'ar da NUC ta amince da ita ɗaya yake da na kowace, a hidimar ƙasa da aikin gwamnati da ƙarin karatu. Masu ɗaukar aiki kuwa sukan yi nasu gwajin, kuma nan ne ake rabuwa. Gama karatu da wuri riba ce ta zahiri, domin bankuna da manyan kamfanoni sukan sa iyakar shekaru ga sababbin ma'aikata, kuma wanda ya haura 30 kafin ya kammala takardar ɗauke hidimar ƙasa ake ba shi.

Kada yawan masu daraja ta ɗaya a bikin yaye ya burge ku, jami'ar ce ta ba da makin da kanta. Ku nemi sakamakon da wasu suka auna daga waje: yadda ɗalibanta suke yi a Makarantar Lauyoyi, da jarrabawar majalisar jinya, da ta akantoci ta ICAN. Ku tambayi mutum nawa suka shiga kwas ɗin shekara huɗu ko biyar da suka wuce, nawa suka fita a kan lokaci. Ku tambayi wata nawa ake yi tsakanin jarrabawar ƙarshe da tafiya hidimar ƙasa, da tsawon lokacin da takardar sakamako ke ɗauka idan za a nemi digiri na biyu. A kimiyya da injiniya, ina ɗalibai suke yin horon masana'antu na SIWES, jami'ar ke nema musu ko kowa tasa ta fisshe shi? Idan an ce muku kashi kaza na waɗanda aka yaye suna aiki, ku tambayi yadda aka ƙirga. Mafi inganci shi ne ku nemo mutum uku ko huɗu da suka gama wannan kwas ɗin a wurin, ku ji inda suke yanzu da abin da suka ce ya yi musu ƙaranci.

Na Kwatano da Nijar da sauran ƙasashe fa?

A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance shaidun Benin da Togo. Duk digirin waje sai ma'aikatar ta tantance shi kafin a yi hidimar ƙasa, likitan da ya yi karatu a waje kuma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa maras lafiya a Najeriya. Wanda zai kai yaro Maraɗi ko Yamai ya tabbatar gwamnatin Nijar ta amince da makarantar da kwas ɗin, ya tambaya ko CAMES, hukumar ilimin jami'a ta ƙasashen renon Faransa, ta san da shi, sannan ya ji ta bakin ma'aikatar a Abuja kafin ya biya, ba bayan an dawo ba.

Mun riga mun biya, sai yanzu muka gano kwas ɗin ba shi da izini. Me za mu yi?

Kada ku tsaya a kan alkawarin baki cewa masu tantancewa suna hanya. Ku rubuta wa magatakarda wasiƙa kuna neman matsayin kwas ɗin a rubuce, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ku shiga shafin JAMB na yaron ku ga ko gurbinsa yana nan, kuma a wane kwas. Idan yana aji ɗaya ne, mafi sauƙi shi ne ya koma wani kwas mai izini a jami'ar, a gyara a JAMB, ko ya sake rubuta jarrabawa ya bar wurin, asarar shekara ɗaya ta fi ta huɗu sauƙi. Idan ya yi nisa, ku haɗu da sauran iyayen ajin ku kai ƙorafi ɗaya ga NUC da majalisar ƙwararrun da abin ya shafa, ku haɗa da rasit da takardar gurbi da tallan da aka ce kwas ɗin yana da izini. Ku karɓi sakamakon kowane zango da aka riga aka yi tun yanzu, mai sa hannu da hatimi, domin shi wata jami'ar za ta nema idan ta yarda ta karɓe shi.